Tudun Ƙofar Masallaci

A ƙauyenmu, can wajen Dandamisa, ba a tayar da tudu a kan kwalta sai mota ta kashe mutum. Ranar sadakar uku samari ke fitowa da shebur, su jibga jar ƙasa a wurin don direbobi su rage gudu. Har kwatance ake yi da su: tudun mai ƙosai, tudun 'yan makaranta.

Gidanmu na wannan gefen titi, masallaci na wancan. Baba ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, amma wa ya isa ya ce masa ya yi salla a gida? Ga shi ba ya katse gaisuwa. Ko a tsakiyar titi ka ce masa barka da yamma, sai ya tsaya ya tambayi iyalinka. Lokacin saran rake kuwa, manyan motoci ke gangarowa daga Makarfi da kaya har sama.

Na roƙi dattawa su bar ni in yi tudu a ƙofar masallaci. Ƙanen Baba ya zaro mini ido.

"Subhanallahi! Wa ya mutu a nan? Mugun fata kake wa mahaifinka?"

Shi ma Baban ya ce, "Ka yi haƙuri. Na ji a rediyo majalisar jiha za ta yi doka saboda masu tafiya a ƙasa. Gwamnati ce za ta zo ta gyara, da fenti da alama."

Na ce, "Baba, kafin nan fa?"

Ya ce, "Allah ne mai tsarewa."

Haka rake ya ƙare, wani ya fito. Kullum rediyo na cewa ana kan tattaunawa. Tattaunawa dai! Wallahi na tsani kalmar nan.

Wata la'asar wani maƙwabci ya gaida Baba daga bakin shago. Baba, yana tsakiyar titi, ya juyo yana amsawa. Bai ji hon ɗin motar rake ba.

Ranar sadakar uku, ƙanen nasa ne da kansa ya miƙo mini shebur, yana kuka. Na karɓa. Mun yi tudun da tsayi sosai, kowace mota sai ta durƙusa. Yanzu in baƙo ya tambayi gidanmu, yara kan ce masa ya sauka a tudun Baba.