Takardar da Na Rubuta wa Masuntan Mafaza

Laraba: Gadarif zuwa Ƙala'at an-Nahal

Ina sallame sallar asuba na ɗauki jaka na fita, ko shayi ban tsaya sha ba. Zainabu, matata, ta biyo ni har ƙofa tana cewa, "Ka faɗa musu kawai, ai ba kisan kai ka yi ba." Ita da ba ta taɓa ganin masunci ya fusata ba, dole ta ga abin da sauƙi.

Ni mai sayar da kifi ne a kasuwar Gadarif a ƙasar Sudan, amma a Mafaza aka haife ni, bakin kogin Rahad, inda yayana Adamu yake Sarkin Ruwa. Shekara tara da suka wuce masuntan gaɓarmu da na ƙetaren kogi suka yi yarjejeniya cewa za a bar ruwa ya huta wata biyu duk shekara, lokacin da kifi ke zuba ƙwai. Ni ne mai ɗan karatu, aka ba ni alƙalami. Damina ce a lokacin, kuma watan Rajab ne, sai na rubuta "Rajab da Sha'aban", aka dafa Alƙur'ani a kai. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa watanninmu suna matsowa duk shekara, ita kuwa damina tana nan inda take. Bana Rajab a tsakiyar bazara ya faɗo. Wato suna hutawa sanda kifi ba shi da ƙwai, suna shiga ruwa sanda cikinsa ya cika. Tun bara na gane, ranar da na fasa karfasa bakwai a jere duk da ƙwai, amma kunya ta sa na yi gum. Yanzu kifi ya ja baya, kowace gaɓa tana cewa ɗayar ce ke sata, kuma Yaya ya aiko cewa ran Juma'a za a zauna. In ba a daidaita ba, mutanen ƙetare za su kai ƙara hukuma a ƙwace izinin kamun gaɓarmu.

Ƙarfe shida da kwata lorinmu ta tashi, mu wajen talatin a kan buhunan iri. A shingen bakin gari ɗan sanda ya karɓi biɗaƙata, wato katin shaida, ya dube ta, ya dube ni, ya miƙo mini. Ban damu da shi ba, idona yana gabas inda hadari ke haɗuwa. Duk wanda ya san baƙar ƙasar nan ya san in ruwa ya taɓa ta, mota ta zama gida.

"Ya usta, za mu riga shi?" na tambayi direba.

"Ya zol, ni lori nake tuƙi, ba gajimare ba," in ji shi.

Ba mu riga hadarin ba. Ƙarfe goma da rabi aka kece da ruwa, sau biyu muna sauka muna turi, laka har gwiwa. Sai ƙarfe huɗu muka shiga Ƙala'at an-Nahal. Wani tela ɗan Hausa, Malam Isa, ya sauke ni, ya ba ni kisra, wato siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa da gadon igiya a rumfarsa. Na ci loma uku na kwanta.

Alhamis: zuwa Mafaza

Babu motar da ta yarda ta taka hanya sai wata tarakta mai jan tirela, wadda ta tashi ƙarfe tara. Tafiyar da da rani ba ta wuce awa biyu, mu sai bayan la'asar muka hango itatuwan bakin kogi. Duk tsawon hanya ina shirya jawabi a raina ina rushewa.

Yaya yana zaune yana ɗinkin koma na same shi. Ya rame, furfura ta cika masa gemu. Bayan gaisuwa ya ce, "Haruna, gobe kai za ka karanta musu takarda, su ji da kunnensu ba mu saɓa ko harafi ɗaya ba." Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗago ya dube ni da irin yardar da ya yi da ni tun ina ƙarami. Na ce, "To, Yaya." Raina ya ɓaci da kaina ƙwarai.

Juma'a: gindin tsamiya

Bayan an sauko daga masallaci aka taru, mutum ya fi sittin, wasu da sanduna a gefe. Babban masuntan ƙetare, Baba Ɗahiru, tsoho ne mai ido ɗaya. Tun kafin a zauna aka fara jifan juna da magana. Aka miƙo mini takarda. Na karanta har zuwa Rajab da Sha'aban, na tsaya.

"Jama'a," na ce, "ba wanda ya saci kifin wani. Ni na yi kuskure. Na ɗaure hutun ruwa da wata, wata kuwa ya tafi ya bar damina."

Ban iya kallon Yaya ba. Sai Baba Ɗahiru ya tofar da asuwakinsa ya ce, "Ya waladi, ɗana, kana tsammanin makafi ne mu? Shekara huɗu ina wanke ƙwai daga hannuna. Amma mun dafa Littafi. Wa zai fara cewa a sake, a ce ya karya rantsuwa? Kai ka rubuta, kai muke jira. Ina ka shiga?"

Wannan tambayar ta fi zagi zafi. Na ce tun bara na gane, kunya ce ta hana ni faɗa.

Liman ya ce rantsuwa a kan hutun kifi aka yi, gyaran lokaci ba saɓo ba ne. Aka yi ta ja-in-ja har la'asar, wani yana cewa wata biyu, wani uku. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa daga ranar da jan ruwan damina ya iso kogin daga Habasha, babu mai jefa koma har sai an fara yankan riɗi, kuma kowace gaɓa za ta sa mutum biyu su sa ido a kan ɗayar. Maganar ƙara ta mutu. Jan ruwan kuwa tun ranar Talata ya iso, wato hutu ya fara ke nan, kuma babu gidan da ya yi tanadinsa, don sun riga sun huta da bazara.

Asabar da Lahadi: komawa

Ƙarfe bakwai na hau tarakta, sai ga Yaya da ƙunshin kaya da fartanya sabuwa fil. Mutumin da tunda aka haife shi bai taɓa noma kadada ɗaya ba, zai tafi manyan gonakin garin Simsim ƙwadagon ciyawa da shekara sittin, don gidansa mutum goma sha ɗaya ne.

"Yaya, ka yafe mini."

"Halas, ya wuce," in ji shi. "Da bara ka faɗa, da na san yadda na shirya. Nuna mini yadda ake riƙe abin nan."

A Ƙala'at an-Nahal muka rabu. Na iso Gadarif ranar Lahadi ƙarfe biyu na rana. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Isa da Baba Ɗahiru. Zainabu ta tambaye ni ko sun yi mini faɗa. Na ce mata a'a, ko ɗaya, na shige ɗaki na rufe ƙofa.