Ranar da Na Kai Gangar Baba Birnin Konni

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na arewacin Dogarawa, ko kaji ba su gama saukowa ba: ni, da mai ɗakina, da 'ya'yanmu mata biyu, da Inna mahaifiyata. Ta shidanmu ganga ce, gangar noma ta marigayi Babanmu, na naɗe ta cikin tsohon bargo na rungume a kan amalanke. Ku da kuke ta tambayata ta waya yadda aka yi a Konni, ga labarin. Ba zan wanke kaina a ciki ba, da baƙin rai na fita gida.

Ƙanena, autanmu, ya daɗe a Birnin Konni, waƙa yake yi da fiyano da manyan lasifika. A babban hutun lakwal, wato makarantar boko, gidan matasa na birnin yakan shirya wasanni na mako guda domin iyalai, bana kuma aka sa shi cikin masu rufe taro. Sai ya aiko cewa yana son gangar Baba a kan dandamali. To ni ne babba. Ni Baba ya koya wa kiɗa, ni nake bin gayya da gangar nan gona-gona tun rasuwarsa, babu manomin garinmu da ban san takensa ba. Amma Inna ba ta nemi shawarata ba, sai ta kira mai ɗakina ta ce mata, “Ki ce ma wancan a kai ma auta ganga.” Wancan ɗin ni ne. Ni ɗan fari ne, Inna kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da: ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye, ko hular kaina ba ta taɓa yabawa ba. Sunan auta kuwa ba ya fita daga bakinta. Na san al'ada ce, amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba. Ba ta ce aro ba, ba ta ce kyauta ba, don haka ni a raina gadona na ɗauko zan kai wa ƙanena da hannuna.

Daga ƙauye zuwa bakin kwalta taɓo ne zalla, an kwana biyu ana ruwa. Gero ya fara fitar da kai, wake ya shimfiɗa a ƙarƙashinsa, ko'ina kore shar. Jakin da ke jan mu ya tsaya sau uku yana tunanin duniya. A tashar Dogarawa muka samu motar haya, jika guda, wato sefa dubu, kowane kai. Direba ya so ya ɗaure gangar a sama tare da buhunan albasa da wani bunsuru mai yawan ƙorafi, na ce sai dai mu fasa tafiyar. Ƙarshe a kan cinyata ta yi tafiya, ta tokare haɓar wani ɗan kasuwa da ke gefena, shi kuma ya rama da labarin tsadar taki har muka kusa Malbaza.

Muna hango masana'antar simintin garin hadari ya haɗo, ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko. Gilashin gefena ba ya rufuwa, feshi ya jiƙa bargon. Na zura hannu na danna fatar gangar da babban yatsa, na ji ta saki. Duk makaɗi ya san wannan: da damina fata tana shan sanyi ta yi laushi, in ba a shanya ta a rana ko an ɗumama ta a bakin wuta an ja igiyoyinta ba, ba za ta yi magana ba. Na ce a raina in mun isa zan gyara ta. A Tsarnawa jandarma suka duba takardunmu, mata masu talla suka kewaye mota da dafaffen ƙwai da gyaɗa, Inna ta sayi ƙullin ƙuli-ƙuli ta ce na auta ne, yana so tun yana ƙarami. Ni ma ina son ƙuli-ƙuli, amma ba wanda ya tambaye ni.

Konni tana nan yadda kuka san ta, sai dai abin ya ƙaru. 'Yan kabu-kabu sun fi masu tafiya a ƙasa yawa, kwalaben mai jere a bakin hanya, 'yan canji zaune da damman naira da sefa suna fifita da su. Abin da ban shirya masa ba shi ne hoton auta. A bangon tasha, a jikin shagon mai shayi, har a bayan wata motar ƙanƙara, ga shi nan da baƙin tabarau ya ɗaga yatsa sama. 'Ya'yana suka riƙa nunawa suna cewa ga Baba ƙarami, ga Baba ƙarami. Inna ta tsayar da mu a gaban guda, ta shafa takardar da tafin hannu tana murmushi. Shekara nawa ina kiɗa a gonakin da ba su fi taku ɗari daga ɗakinta ba, ba ta taɓa leƙowa ba, ga shi ta hau mota ta ratsa ruwa don auta.

Da auta ya yi mini girman kai da na samu sauƙi. Ina! Da muka isa gidansa har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi jakata, ya sa aka kawo mana dambun zogale da tsire mai zafi da fura mai ƙanƙara. Ya kwance bargon a hankali ya daɗe yana kallon gangar, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce wani abokin aikinsa da ke buga masa gangunan zamani shi zai kaɗa ta a tsakiyar wasa. Sannan ya juyo ya tambaye ni.

“Yaya, akwai abin da za a yi mata kahin a buga?”

Na dubi farar shaddarsa, na dubi Inna tana ɓare masa ƙuli-ƙuli. Na ce, “Babu. Ganga dai ganga ce.”

Bayan la'asar muka shiga gidan matasa. Dala ɗari babba, wato sefa ɗari biyar, yara kyauta. Gaskiya mutanen birni sun iya hutu. Fili ne babba, iyalai sun baje tabarmi, masu hali sun kama kujerun roba. A gefe guda an rataye zane-zanen 'yan lakwal a kan igiya, raƙuma da jiragen sama da wata saniya mai ƙafa biyar. Kusa da su masu sassaƙa ƙwarya da dukawa sun baza kayansu, wata mata tana yi wa 'yan mata lalle, ga lilo har uku. Masu awara da gasasshiyar masara sun tare bakin ƙofa. An yi wasan kwaikwayo a kan ɗan kabu-kabun da ya ɗauki miji da mata da surukuwa da tunkiya a tafiya guda, mai ɗakina ta yi dariya har da hawaye. Wani Bafulatani ya busa sarewa, wani dattijo ya kaɗa gurmi, 'yan mata suka yi rawar daka da taɓare. Babbar 'yata ta tambaye ni me ya sa mu ba a yi mana irin wannan. Na ce mata mu hutunmu a gona yake. Amsar ba ta gamsar da ita ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba, sai na ji har birnin nake kishi da shi.

Da aka kira auta wuri ya kaure. Mata suka rangaɗa guɗa, samari suka yi gaba da wayoyi a sama, masu liƙi suka yi layi. Kuma ya iya, wannan shi ne abin haushin. Muryarsa wasai, kowa ya san amshin. Inna ta gyara zama tana taɓa matan da ke kusa da ita ɗaya bayan ɗaya, tana gaya musu autanta ne. Ni kuwa na naɗe hannu ina neman kuskure, ban samu ba.

Bayan waƙa ta uku ya ɗaga hannu aka tsayar da fiyano. Ya gaya wa jama'a cewa shi ɗan makaɗin noma ne, yau kuma ya kawo musu gangar mahaifinsa daga ƙauye, wadda ta sa ƙarti suka nome gonaki tun kafin a haife shi. Aka yi tsit. Abokin aikin nasa, wani dogo mai gemu, ya rataya ta ya ɗaga gula, wato sandar kiɗa, ya sauke. Abin da ya fito kamar an doki jiƙaƙƙen buhu. Ya sake, haka. Ya ƙara ƙarfi, lasifika ta kwashe muguwar ƙarar ta watsa wa kowa. Dariya ta fara daga baya ta taho gaba. Auta ya sauke makirfo ya juya yana kallon gangar.

Zan faɗa muku gaskiya: daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce yau dai a gane cewa tabarau ba ya kiɗa. Daɗin bai daɗe ba. Wani mutum a bayanmu ya ce wa abokinsa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Wagga ganga ai ta mutu tare da mai ita.” Suka tuntsire. Inna ba ta juya ba, ba ta dube ni ba. Ta karkata wajen mai ɗakina ta ce:

“Ki ce ma wancan, ubanshi aka ma dariya.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa tabarmin mutane na hau dandamali na cire gangar daga wuyan dogon nan, na ce wa auta ya riƙe su da waƙa guda. Na nufi bakin ƙofa wajen wata mai gasa masara, na roƙe ta gefen gawayinta. Ta matsar da masararta ta ce in dai ba zan ƙone mata kasuwa ba. Na tsuguna ina juya fatar a kan zafin, ina shafawa da tafin hannu, ina jan igiyoyi ɗaya-ɗaya, ina ɗan taɓawa da yatsa. A hankali muryar ta fara tasowa. Aikin da bai fi a ci masara biyu ba, shi na hana ƙanena da rana.

Da na koma dogon ya miƙo hannu, na yi kamar ban gani ba. Na tsaya a gefen dandamali na saki taken da Baba yake buɗe gayya da shi. Gangar ta yi magana har cikin ƙirji. Tsofaffin da ke kan kujeru, waɗanda birni bai mantar da su hauya ba, suka miƙe suna ɗaga hannu, auta ya shigo da waƙa a kai, fili ya ɗauka. Na saci kallon Inna. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma har na gama. Kafin magariba aka tashi. Bidiyon da ya yaɗu a wayoyi kuwa, wanda wasunku suka turo mini, auta ne a tsakiya, ni gwiwar hannuna kaɗai ta fito.

Da safe muna haɗa kaya auta ya zauna kusa da Inna yana lallashi. Ya ce tun jiya ake kiransa, masu biki suna son gangar, a bar masa ita ko zuwa kaka. Ta wajenta ya bi don ya san ba ta taɓa hana shi komai ba. Ina tsaye a bakin ƙofa da bargo a hannu, na riga na sallama. Inna ta ce, “Ni ba ni da ganga. Ka tambayi mai ita.” Sannan ta juya fuskarta wajen bango ta ƙara da cewa, “Ubanku ma da yat tsuhwa, in wancan na kiɗi, aje gula shika yi shi saurara.”

Shekara arba'in da 'yan kai ina jiran magana irin wannan, da ta zo kuma bango aka faɗa wa. Na karɓa a haka. Na ce wa auta gangar ba ta kwana a wani gari ba tare da ni ba, amma duk ranar da yake so ya kira ni, zan zo da ita. Ya ce ya yarda, har ya raka mu tasha ya saya wa yara rake.

Mun iso gida da azahar, rana ta buɗe, na shanya gangar a tsakar gida. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne. Mutanen birni sun fi mu iya faranta wa yara rai, wannan ya kamata mu koya. Kishi kuma bai sake ni ba, ko jiya da yara suke rera waƙar Baba ƙarami sai da na ce su tafi waje. Amma na ga inda nawa kishin ya sauka: na auna ƙanena, ya faɗa kan mahaifina a gaban mutanen da ba su taɓa saninsa ba.

Auta, na san kana cikin masu karanta wannan. Har yau kana cewa ruwan hanya ne ya ba ka kunya, ni kuma na cece ka. Tun a Malbaza na san fatar ta saki, kuma ka tambaye ni. Ka yafe mini.