Yadda Na Mayar da Kawuna Tela

Shekarata ta huɗu ke nan ina tuƙa motar wata maɗaba'a a unguwar Old Airport, a nan ƙasar Larabawa, lokacin da dattijon da ke ɗinka mana littattafai ya ce ya gaji, zai koma ƙasarsu ya yi jinyar gwiwa. Masu buga takarda suna nan, masu yanka da masu naɗewa suna nan, amma aikin hannu, wato a ɗinke littafi mai kauri a yi masa bango mai ƙarfi, shi kaɗai ya iya. Bai yi wata guda da tafiya ba aiki ya taru a kusurwar shago: kundayen ɗalibai masu neman digiri, da tsofaffin littattafan addini da mutane ke kawowa a leda, shafi na nan bango na can.

Ni dai aikina in kai kaya in ɗauko kaya. Amma Allah ya yi ni da baki, ba na iya ganin magana ta wuce ban sa nawa ba. Ranar da kafil ɗinmu, wato mai maɗaba'ar da ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasar, ya zo yana faɗa a kan tarin aikin nan, sai na ji kaina ina cewa ai ina da kawu a Zariya wanda ya fi shekara talatin yana wannan sana'a, kuma in ya ɗinka littafi, sai dai mai shi ya mutu ya bar shi. Ba ƙarya na yi ba. Ƙanen mahaifiyata ne, yana da ɗan shago a Samaru, a gabansa na tashi ina shaƙar warin gam. Kafil, Balaraben ƙasar ne, tsohon malamin makaranta, ya dube ni ta saman tabarau ya ce gurbi ɗaya zai nema, in kawun nawa bai yi ba, ba zai nemi na biyu ba.

Wanda ke yawon takardun kamfani a ofisoshin gwamnati, wanda a nan ake kira mandub, wani Basudane ne mai fara'a, kullum waya biyu a hannunsa. Ba takardun maɗaba'a kaɗai yake riƙe wa kafil ba, har da na wani shagon teloli da yake da shi a Al Wakrah, inda ake ɗinka fararen jallabiyoyi. Abin da kafil ya ce masa kawai shi ne a kawo kawun direba. Don haka wata safiya, ina tuƙa shi cikin cunkoso, ya ɗora hoton fasfon Kawu a cinya ya tambaye ni da Larabci mene ne aikin mutumin.

To, a gidanmu ba a taɓa kiran aikin Kawu da wani suna ba sai ɗinki. Kawu ya tafi ɗinki, Kawu ɗinki ya yi masa yawa, a kai wa Kawu littafin nan ya ɗinke. Larabcina kuwa na bakin titi ne, wanda na tsinta a gidajen shayi, amma ina ji da shi. Maimakon in faɗa da Turanci a wuce wurin, sai na gyara zama na ce, "Khayyaɗ," wato mai ɗinki. Na so in ƙara da cewa na littafi, amma wayarsa ta yi ƙara, wani kuma ya sha gabana ba sigina, na tsaya yi masa addu'ar da ta dace da shi. Mandub ya rubuta abin da ya ji. Ashe shagon telolin ma yana neman mutum ɗaya, sai abin ya zo masa daidai.

Bayan makonni biza ta fito. Na duba suna, na duba lambar fasfo, na ga hatimi, ban ko kalli sauran layukan ba. Na tura wa Kawu hotonta ta waya, na kira mahaifiyata na yi mata albishir da muryar wanda ya gina masallaci. Ranar Juma'a da la'asar na tafi kasuwar Asian Town sayo masa bargo da matashin kai da bokiti. Ina rungume da matashin nan kiransa ya shigo.

"Kawu, ka ga saƙo? Sai haɗa kaya."

"Na gani. Kai ɗan nan, tun da uwarka ta haife ka, yaushe ka taɓa ganina a kan keken ɗinki?"

"Keke kuma, Kawu?"

"Ga shi nan an rubuta ɓaro-ɓaro, khayyaɗ. Tela ke nan. Kuma sunan wurin aikin ma na masu ɗinkin riguna ne. Ko ba ka karanta ba ka aiko?"

Na manta cewa Kawu ya yi shekaru yana ɗaukar karatu a zaure, Larabcin takarda ba ya ba shi tsoro. Na ajiye matashin a kan tarin barguna na buɗe hoton, na bi layi-layi da yatsa. Kalmar tana nan kuwa.

Na ce, "Kawu, ƙaramin abu ne. Ka taho a haka, in ka sauka sai a san yadda za a yi."

"In suka tambaye ni a filin jirgi fa? In ce musu ni tela ne, da furfurata? In suka miƙo mini yadi suka ce in yanka wuyan riga? A'a. Ba zan hau jirgi da sunan aikin da ban iya ba. In an gyara, ka kira ni. In ba a gyara ba, Allah bai nufa ba."

Raina ya ɓaci, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mutane na neman irin wannan dama ido rufe, shi yana tsayawa a kan kalma ɗaya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in gai da abokan aiki, ya kashe waya. Na san ba da shi nake fushi ba. Mutumin nan ya riga ya miƙa wa abokin sana'arsa makullin shago, ya zaga dangi ya yi sallama, mahaifiyata ta daka masa kuka da daddawa. In tafiyar nan ta fasa, a gaban duk unguwa za ta fasa, kuma bakina ne ya jawo.

Washegari na tare mandub. Da ya gane abin da ya faru, dariya ya yi har ya ajiye wayoyinsa biyu a kan tebur, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce babban telan Al Wakrah har ya sa an goge wani keke an zuba masa mai, ana jiran gwani daga Najeriya. Da ya share hawaye sai ya faɗa mini gaskiya: ba a ɗaukar mutum da sunan shago ɗaya a kai shi aiki wani, dole a soke wannan bizar a nemi sabuwa da sunan maɗaba'a, kuma ba abin da zai motsa sai da sa hannun kafil. Ya ƙara da cewa wani dillalin ma'aikata ya riga ya turo takardun mutum uku daga wata ƙasa, suna kan teburin kafil, kuma haƙurinsa ya kusa ƙarewa.

A ƙasan akwatina akwai wani littafin fiƙihu na marigayi mahaifina, wanda Kawu ya ɗinke tun ina firamare, da bangon jar fata. Na ɗauko shi na naɗe a cikin rawani mai tsabta. Kafil yakan zauna a ƙofar shagon telolinsa da hantsi yana shan gahawa, can na same shi, iska na kawo ƙarnin kifi daga tashar jiragen ruwa. Na gaishe shi na tsaya. Ban ɗora wa kowa laifi ba, na ce ni na faɗa wa mandub kalmar da ba ita ba.

Ya ce shi bai gane ba, ta yaya mai haɗa littafi zai zama tela? Na ce a harshenmu kalma ɗaya ce.

"Mai gyaran takalmi fa, me yake yi?"

"Ɗinki, ranka ya daɗe."

"Likita in ya rufe rauni?"

"Shi ma ɗinki."

"Mai gyaran ƙwarya da ta fashe?"

Ban san inda ya san ana gyaran ƙwarya ba, amma na ce ɗinki. Ya ajiye kofinsa ya ce ashe a ƙasarmu kowa tela ne. Telolin da ke ciki suka kwashe da dariya, na taya su, don ba ni da zaɓi. Amma bai ce komai a kan biza ba, sai ma ya ce aiki ba ya jira, kuma yana da mutum uku a shirye.

Sai na warware rawanin na miƙa masa littafin. Ya juya shi, ya shafa fatar da babban yatsa. Ya buɗe tsakiya ya ajiye a gwiwarsa, littafin ya kwanta shimfiɗe bai rufe kansa ba. Ya kama bango ɗaya ya ɗaga shi sama ya girgiza, na kai hannu zan tare, don littafin mahaifina ne, amma ko shafi ɗaya bai motsa ba. Ya tambayi shekarun ɗinkin, na faɗa masa. Ya ƙwala wa babban tela kira ya nuna masa zaren da ke tsakiyar shafuka, ya ce ko zai iya irin wannan? Mutumin ya kai ido kusa, ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai ya ce wannan ba aikinsu ba ne. Kafil ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu.

"Yalla, maza, ka ce wa mandub ya sake. Amma kai, daga yau tuƙi kawai. Kada ka ƙara fassara mini komai. Khalas?"

Na ce khalas, wato magana ta ƙare, kuma ban taɓa jin daɗin wannan kalma kamar ranar ba.

Kalmar da ta dace ita ce mujallid, wato mai haɗa littafi ya yi masa bango. Na sa mandub ya rubuta mini ita a takarda, na manna a gaban mota ina kallo a kowace danja. Da sabuwar biza ta fito ban yarda da idona ba. Na kai ta wurin wani ɗan garinmu da ke karatun digiri na uku a nan, ya karanta mini tun daga sama har ƙasa, sau biyu, sannan na tura Zariya. Amsar Kawu a taƙaice ta zo: "To, yanzu ka yi magana."

Ya sauka da ƙaramar jaka, rabinta basilla ce da allurai da wani ƙashi mai santsi da yake lallasa takarda da shi. Aka yi gwajin lafiya, aka ɗauki hoton yatsu, wanda sai da aka yi ta maimaitawa saboda gam da zare sun cinye masa zanen fata. Ranar da katin zamansa ya fito ni na karɓo daga hannun mandub na kai masa bayan shago, inda aka ba shi tebur. Ya goge hannu a gaban riga, ya sa tabarau, ya kai katin kusa da taga. Na ga leɓensa na motsi. Ya daɗe a kan layi ɗaya, har na fara tsoron ko wani abin na sake ɓatawa.

"Lafiya, Kawu?"

"Lafiya lau. A gida duk takardar da aka cike mini, ɗan kasuwa ake sawa, don sun ce babu gurbin irin aikina. Shekara talatin da wani abu, sai yau na ga an rubuta shi." Ya share gefen ido da bayan hannu. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Ya zura katin a aljihun gaba ya maɓalle, ya jawo kundin farko daga saman tarin, ya ce in matsa daga gaban taga ina tare masa haske.