Ɗanbaba da Layin 'Yan Wutsiya

Sunansa na yanka Abdulsamad, amma da yake sunan kakansa ne, ba mai iya kama shi gatsau a gidansu, sai aka bar shi da Ɗanbaba. An haife shi a wani ƙauye gab da Bunkure a shekarun da ake haƙa kanal. Sa'anninsa duk sun tashi da laka a ƙafa, shi kuwa ya tashi da sukundireba a aljihu. Mahaifinsa ya gwada shi a shinkafa, ya gwada shi a tumatir, a ƙarshe ya ce yaron nan ko ciyawa aka ba shi ya shuka sai ta ƙi fitowa, ya sallame shi.

Daga aji uku na sakandare ya kafa rumfar gyaran rediyo a kasuwar Bunkure. Rediyo ta kai shi ga talabijin, talabijin ta kai shi Kano, inda ya yi shekara biyu a shagon wani mai haɗa tsofaffin kwamfutoci. Ya dawo da Turancin da ake samu a takardar bayanin kaya, da kuma ɗabi'ar yin magana da na'ura kamar tana da kunne. A duk yankin, daga Kura har Garun Malam, idan kwamfuta ta yi gardama shi ake nema. Ba don ya fi kowa ba ne, don babu kowan.

Abin da ya sa har yau ake ba da labarinsa ya faru ne a ranin 2006, a ofishin ƙungiyar manoman rani ta kanal ɗinsu. Kanal ɗin yana da reshe goma sha biyu. Na farko, Bakin Kuka, yana kusa da babbar ƙofar ruwa. Na ƙarshe ana ce masa Wutsiya, kuma kowa ya san wutsiya ba ta sha sai kai ya ƙoshi.

A ofishin akwai wata tsohuwar manhaja da wani injiniya ya rubuta musu tun shekarun casa'in, ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A zuba mata yawan eka da irin shukar kowane reshe, ita kuma ta fitar da awoyin ruwan kowa na mako, layi goma sha biyu, lambobi zalla babu suna. Idan reshe ba shi da ruwa a wannan makon, sai ta bar layinsa fari. Saboda haka sakataren ƙungiya, Malam Iliyasu, tsohon malamin firamare, ya yanko doguwar takarda ya rubuta sunayen rassan, ya manna a gefen gilashin kwamfutar, kowane suna daidai da layinsa. Wannan takarda ba ta wasa ba ce. An yi ta ne bayan wata rigimar ruwa da aka fasa wa mutum uku kai, kuma shugaban kowane reshe ya dangwala yatsa kusa da sunansa. Duk Laraba da hantsi shugabannin suna taruwa, Malam Iliyasu ya ɗora rula a miƙe daga dangwalen mutum zuwa lambarsa, kowa ya gani da idonsa, sannan a rubuta a allon ƙofar ofis. Shekara goma sha ɗaya ba a sake fasa kan kowa ba.

Sai tsohuwar kwamfutar ta mutu. Wata ƙungiyar agaji ta kawo sabuwa, mai wani tsarin daban da tsohuwar manhajar ba ta jin yarensa. Wanda ya kawo ta ya sa musu wata manhaja a tsakani, wadda Ɗanbaba ke kira tafinta: tsohuwa ta faɗa, tafinta ya juya wa sabuwa. Ya gwada, lambobi suka fito, aka ɗauki hoto, ya hau mota. Malam Iliyasu ya ɓanɓaro takardarsa a hankali ya manna a gefen sabon gilashi, ya ci gaba da ɗora rula.

Mako biyu a jere rula tana sauka a kan fari idan an zo Wutsiya.

Ranar Asabar Uba ya zo rumfar Ɗanbaba. Uba taubashinsa ne, ɗan kawunsa, kuma shi ne shugaban 'yan Wutsiya. Yana da eka biyu na tumatir da ya fara fure. Ya ajiye wani reshen tumatir a kan teburin gyara, ganyen ya nannaɗe kamar taba.

"Bawana, tashi ka yi wa ubangijinka aiki," in ji Uba.

"Yaushe bawa ya samu bawa? Ɗauke min ciyawarka daga kan rediyon mutane."

"Wannan ciyawar ita ce abincin gidana na bana. Kwana goma sha shida rabona da ruwa. 'Yar'uwarka ta ofis ta ce ba mu da rabo. Idan Larabar nan ma ta ce haka, to sai dai in tara kara in kunna wuta."

"Kun yi mata laifi ne?"

"Ni ko gaisawa ba mu taɓa yi ba. Kai ne kake jin maganarsu."

Ɗanbaba ya rufe rumfa suka tafi. Aka tayar da janareto, ya zauna gaban gilashin ya dube shi kamar minti ɗaya, sannan ya sa yatsa ya ƙirga layukan. Goma sha biyu cif. Babu layin da ya ɓace. Abin da ya faru shi ne tafinta ba shi da irin haruffan da tsohuwar manhajar ta saba da su, sai ya ara mata wasu ƙanana. Layukan suka matse, suka tattare sama. Na Bakin Kuka da na biyu da na uku suna nan kusan daidai da sunayensu. Daga tsakiya kowa lambar maƙwabcinsa na ƙasa yake karɓa. Awa tara na Wutsiya suna zaune a gaban sunan reshe na goma sha ɗaya, Rimin Asta, waɗanda suka yi mako biyu suna mamakin alherin kwamfuta. A gaban Wutsiya kuwa sai fili.

"Malam, ai abin mai sauƙi ne," in ji Ɗanbaba. "A yanko sabuwar takarda daidai da layukan."

Malam Iliyasu ya cire tabarau. "Injiniya, uku daga cikin masu dangwalen nan sun rasu. Kai za ka je ka taso su?"

"To a bar takardar. Ka ƙirga daga sama, na goma sha biyu shi ne na Wutsiya."

"In ƙirga? A gaban mutanen Rimin Asta? In ce ruwan da rula ta ba su ba nasu ba ne, na Uba ne, kuma wanda ya gano haka ɗan gwaggon Uba ne? Kai kana gyara rediyo lokacin da aka yi waccan rigimar, ni ni na kai mutane asibiti. Ba a yarda da bakina ba, ba a yarda da naka ba. Da rula aka yarda, kuma a miƙe."

"A ɗan karkata ta mana," in ji Uba.

"Kai ma ka karkata ka fita min daga ofis."

Haka aikin ya tsaya: takarda ba za ta motsa ba, rula ba za ta karkata ba, sai dai kwamfuta ta bi takarda, kuma kafin hantsin Laraba.

Ranar Lahadi Ɗanbaba ya ja tagar manhajar, wato akwatin da layukan ke fitowa a ciki, ya buɗe ta ta cika gilashi. Tagar ta yi girma, layukan suka tsaya yadda suke, sai filin ƙasa ya ƙaru. Ya shiga takardar umarnin tafinta ya ƙara girman haruffa. Layukan suka buɗe har na ƙarshe ya faɗa ƙasan gilashi ya ɓace gaba ɗaya.

"Da ba mu da ruwa, yanzu ba mu da layi," in ji Uba daga bakin taga. "Allah ya ƙara basira."

"Kai ba ka da gona ne da za ka je ka tsaya a kanta?"

"Na je. Kallona take yi, shi ya sa na dawo."

Litinin Ɗanbaba ya hau bas zuwa Kano, ya sayi awa biyu a wani kafe na intanet, awa ɗaya da rabi ta tafi a jiran shafi ya buɗe. A wani dandali da masu amfani da tafinta ke kai kukansu, ya tarar da wani mutum a wata ƙasa mai nisa yana kuka da irin ciwonsa, shi a manhajar ɗakin shan magani. Wani ya ba shi amsa a layi uku: ka kwafo ainihin haruffan daga tsohuwar na'ura, ka kuma umarci tafinta ya tsare manhajar a taga mai girman gilashin da aka rubuta ta dominsa. Ɗanbaba ya kwafe amsar a bayan takardar kafe, harafi bayan harafi, don ya san abin nan ko ɗigo ka manta sai ya yi kamar bai san ka ba.

Talata aka shiga neman gawar tsohuwar kwamfuta. Aka same ta a sito, an ɗora mata buhun taki biyu. Ya kwance ta ya ciro rumbun ajiyar bayananta, ya haɗa da sabuwar, ya ce masa, "Kai dattijo, abu ɗaya nake roƙo, ba zan sake tashinka ba." Rumbun ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, amma ya buɗe. Ya kwashe haruffan ya zuba wa tafinta, ya rubuta girman tagar. Da ya kunna manhajar sai ga ta da tsohuwar fuskarta, manyan haruffa, layi goma sha biyu daga sama har ƙasa.

Malam Iliyasu ya zauna zai shigar da ekokin makon, ya danna layi na biyar da maus, na shida ya amsa. Ya danna na shida, na bakwai ya amsa.

"Injiniya, ka gyara mata ido ka ɓata mata hannu."

Ɗanbaba ya duba. Tafinta ya ɗora wa tagar wani kan rubutu a sama, mai kaurin yatsa, amma da yake lissafin inda maus ya taɓa bai cire kaurin ba. Sai da la'asar ya gano umarnin da ke hana a yi wa tagar wannan rawani. Ya cire shi, maus ya dawo hayyacinsa, amma duk layukan suka hau sama da kaurin yatsa ɗaya. Man janareto ya ƙare a nan, aka tashi.

Laraba da sassafe ya dawo da galan. Abin da ya rage bai shafi tafinta ba. A ƙasan gilashin akwai maɓallan da ke sauke hoto da miƙa shi. Malam Iliyasu ya riƙe rula a kan dangwalen farko, Ɗanbaba ya sauke hoton har layin farko ya zo. Aka koma dangwalen ƙarshe, ya miƙa hoton kaɗan. Aka koma sama, ya goce. Sau bakwai suna hawa da sauka kafin duka goma sha biyun su zauna. Shugabanni sun riga sun fara jingine kekuna a waje.

Ɗanbaba ya fita ya zauna a kan dakali, don kada a ce yana tsaye a kan kwamfutar. Malam Iliyasu ya yi wa taron bayani a taƙaice, cewa na'ura ta yi rashin lafiya an yi mata magani, sannan ya fara ɗora rula. Bakin Kuka, awa goma sha huɗu, kamar kullum. Aka gangaro. Da aka zo Rimin Asta rula ta nuna awa biyar. Shugabansu ya ce a sake ɗorawa. Aka sake. Ya karɓi rular ya duba ko ta lanƙwashe, ya ɗora da hannunsa, ya ga biyar, ya ce, "To," ya koma ya zauna. Wutsiya, awa tara.

Uba ya nemi a biya su na mako biyun da suka wuce. Aka ce ruwan da ya wuce ya wuce, ba a taɓa jin an kira shi ya dawo ba. Kafin a watse taron ya yanke shawara ɗaya: a zuba wa maɓallan gilashin gam, kada wani ya zo shara ya taɓa. Aka aika aka sayo, Ɗanbaba da kansa ya ɗiga.

Bayan wannan ya koma rumfarsa. Wayar hannu ta yi yawa a shekarun, ya koma gyaranta, kuma a nan ya samu abin da ya gina ɗaki biyu ya aurar da ƙannensa. Ƙungiya ba ta ba shi muƙami ba, sai dai duk sanda za a matsar da teburin ofis, sai an kira shi ya tsaya.

Ruwa ya isa Wutsiya ranar Juma'a da safe, kwana ashirin da biyu bayan na ƙarshe. Uba ya jera bututansa a bakin kanal ya ja ruwan zuwa gona, kwami bayan kwami. Ekar da ke gangare, inda ƙasa ke riƙe laima, ta farfaɗo cikin kwana uku, ta zubar da furen farko ta yi wani. Ta tudu ba ta tashi ba. Ya ba ta mako guda, sannan ya tuge ta ya tara a gefe.

Ɗanbaba ya je ya same shi yana tugewa. Ya tsaya a kan kunya, hannu a aljihu.

"Da ka zo min tun makon farko," ya ce.

"Makon farko ai na ɗauka gaskiyarta ce. Ka taɓa jin rula ta yi ƙarya?" Uba ya jefa wani tushe kan tarin. "Tunda ka zo, bawana, kama wancan layin. Tugewa dai ko kai ka iya."

Ɗanbaba ya naɗe hannun riga ya kama.