Gangar Ɓawon Gyaɗa a Tashar Jibiya

Shekarun da ake cewa ƙasarmu ta yi arzikin mai, ni a Jibiya ko kwalbar kananzir gagara ta take yi. Motar mai za ta iso da safe, kafin azahar an tsallaka da shi Nijar a jarkoki. Itace kuwa fari ya riga ya gama da shi. Ina da rumfar tuwo a tashar bakin iyaka, da ita nake ciyar da 'ya'yana tun rasuwar mahaifinsu, sai ga murhuna ya yi sanyi. Sarkin tasha bai ɓoye mini ba, ya ce in ranar kasuwa ta zo direbobi ba su samu abinci ba, wata zai ba rumfar.

Akwai wani dattijo ɗan dako, mutumin ƙasar Maraɗi, wanda fari ya koro. A garinsu gawayi yake ƙonawa. Ya same ni ina ta masifa da murhu kamar shi ya yi mini laifi.

"Ɗiyata, mi ya yi zahi haka?" in ji shi. "Ga wuta can jibge bayan garin Daddara, kina kuka?"

Ɓawon gyaɗa yake nufi, wanda manoma ke zubarwa. Na ce, "Haba Baba, abin da ke cinyewa fuu kafin ruwa ya yi ɗumi?" Sai kawai ya shiga aiki. Ya samo tsohuwar ganga ya danƙare ta da ɓawo, ya huda murfin ya sa bututun ƙarfe, ya cusa tsingaro a cikin bututun, wai shi ke tace hayaƙi. Ya liƙe bakin da jar laka, ya hura 'yar wutar kara a ƙasa. Da hayaƙi ya fara fita ta bututun sai ya kanga masa ashana. Wallahi sai ga harshen wuta, shuɗi-shuɗi, yana ci ba itace! Har tsofaffin takalman roba ya taɓa dafawa haka a gwangwani, suka ɗigo da baƙin mai na fitila, amma ya ce kada su kusanci tukunyar abinci.

Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: ba a buɗe ganga sai ta huce. To, ni mai girki ce. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ɗora abu a wuta ban ɗaga murfi na leƙa ba. Yana tafiya sauke buhuna na sa muciya na ɓamɓare lakar. Iska na shiga, wuta ta tashi bal, ta lashe mini gira, komai ya zama toka. Da ya dawo ya ga fuskata, dariya ya yi har da riƙe ciki. Na ji haushi kamar in jefe shi da ludayi.

Ranar kasuwa ya sake haɗa gangar da sassafe, ya jawo bututun ƙarƙashin tukunyata, sannan ya shimfiɗa buhu tsakanina da gangar ya zauna.

"Baba, ga motoci can suna shigowa, tashi ka nemi naka."

"Na san hannunki, ɗiyata. Tuƙa tuwonki."

Ranar kasuwa ce fa, ranar da ɗan dako ke samun abin da zai aika gida. Ana ta kwaɗa masa kira daga gindin motoci, ko waiwaye bai yi ba. Sau biyu ƙafata ta ja ni wajen gangar, ya ɗaga mini yatsa kawai. Tuwo ya nuna, miya ta tafasa, direbobi suka cika benci. Sarkin tasha ya zo da matar da zai ba rumfar, ya tsaya ya duba, ya ce a zuba masa.

Da la'asar gangar ta huce, Baba ya fasa lakar da kansa, ga baƙin gawayi fal wanda zai ishe ni girkin gobe. Na cika masa kwano har da tsoka. Sai da na ga yadda yake kai loma hannu baka hannu ƙwarya na gane tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Na juya baya ina goge ido da gefen zane. Allah ya saka masa da Aljanna, a wannan rumfar na aurar da 'ya'yana duka.