Ringin da Bulus ya sa mini ba jabu ba ne

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Oga Bulus, bakaniken babur na Kakuri. Ni ban yi boko mai zurfi ba, ban iya tsara yabo ba. Magana ɗaya ce ta tokare mini wuya tun yana raye, yau zan fitar da ita.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, masaƙar da nake aiki ta sallame mu. Ana ta murnar sabuwar gwamnati, ni kuwa na sayi tsohon babur na shiga acaɓa, daga Kakuri zuwa Barnawa da Narayi. Bulus mutumin kudancin jihar nan ne, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Rumfarsa na gindin mangwaro, kuma duk 'yan tasharmu wurinsa muke gyara. Da injina ya gaji, ya sauke shi, ya sa sabon fistin da ringi. Ya ce, “Sale, kullum da safe ka duba baƙin mai, har ringin ya zauna.”

Ban taɓa duba mai da kaina ba sai a lokacin. Washegari na zaro sandar awo, na ga mai ya yi ƙasa. Na ƙara. Jibi ma haka. Kafin sati, salansar mashin na fitar da shuɗin hayaƙi, fulogi ya jiƙe, fasinja na toshe hanci. Na koma. Bulus ya sake buɗe injin, ya duba ko bakunan ringin sun haɗu a layi ɗaya, ba su haɗu ba. Ya canza robar bawul, ya canza gaskit, ya shimfiɗa kwali a ƙasa ko zai ga ɗigo. Babu. Sau biyu yana buɗewa, mashin bai daina ba.

Na uku ban je da mashin don gyara ba, na je da baki. Gaban abokan sana'ata na ce ringin jabu ya sa mini, ya ɓoye mai kyau. Na faɗi har da abin da ya shafi addininsa, wanda ba zan maimaita ba. Ya ci gaba da goge hannu da tsumma. Daga ranar aka laƙaba masa Bulus Mai Jabu.

Ranar Lahadi da sassafe sai ga shi a ƙofar gidana, cikin fararen kayan zuwa coci. Ya ce, “Ban zo faɗa ba. Auna man nan yadda ka saba, in gani.”

Na zaro sandar, na miƙa masa. “Ga shi, Oga. Ko shi ma ƙarya na yi?”

Mashin na jingine a kan ƙaramin jak na gefe, kamar kullum. Ya kama shi ya ɗora a babban jak, ya tsaya cak. Ya goge sandar, ya sake tsomawa. Mai ya wuce alama da nisa. Ashe in mashin ya karkata, man gefe guda yake taruwa, sanda ba ta kai masa. Ni kuwa kullum sai in ƙara a kan cikakke, injin ya rasa inda zai kai shi, ya ƙona, ya fesar.

“Mashin ɗinka ba ya shan mai, Sale. Ɗura kake masa.”

Ya nemi gwangwanin madara, ya durƙusa ya rage man, har ya ɗiga masa a farin wando. Na ce, “Don Allah kar 'yan tasha su ji, za su mai da ni abin dariya.”

Ya ce, “Ba za su ji a bakina ba. Kai ka faɗi ta farko, kai za ka faɗi ta biyu.”

Ban faɗa ba. Hayaƙi ya ɗauke, na bar su suna cewa sai da na yi masa tsawa ya sa ringin gaske. Rabin tashar suka daina zuwa rumfarsa. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa, bai furta ba. In na kai mashin, ya gyara, ya tambayi lafiyar iyali. Kullum ina cewa gobe. Sai garin ya rikice, kowa ya bi nasa, na kwashe iyalina na tsallake kogi zuwa arewacin garin. Labarin rasuwarsa ma sai bayan an binne shi na ji.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Masaƙun sun zama kufai, keke mai ƙafa uku ya cika Barnawa, masu mulkin da muka yi wa murna sun yi ƙiba sun bar mu. Makanikan yanzu ba sa tambayarka komai, su cire su jefar su sa sabo. Ina jin abin da zai fi ba shi haushi ke nan. Shi sai da ya gama tuhumar aikin hannunsa sau biyu kafin ya zo ya dubi nawa.

Rumfar babu ita, an sare mangwaron. Amma watan jiya na ji wani tsohon abokin sana'a ya ambace shi da wannan suna, yana dariya. Sunan da na jawo masa ya fi mai shi daɗewa.

To, 'yan tashar Kakuri, waɗanda suka rage, da 'ya'yansa in wannan ta kai gare ku: ringin Bulus mai kyau ne. Ni ne ban iya auna mai ba. Ga ta biyun, Oga. Na makara.