Makafin Tsuntsaye a Kan Ɗamarar Azurfa

Ni ɗan maƙerin farfaru ne daga Kano. Tun ban kai tsawon uwar maƙera ba na san nauyin azurfa a tafin hannu. Baba mutum ne mai tsantseni. In aka ce ya sa tsuntsu a jikin munduwa zai sa, amma ba zai yi masa ido ba. Yakan ce da ni, "In ka sa masa ido ka gama siffar mai rai, gobe kiyama a ce ka hura masa numfashi." Da wannan hannuna ya tashi.

A farkon shekarun tamanin na zo Amurka karatu, na sauka wurin Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, injiniya a Germantown. Karatun bai zauna mini ba, kuma kada wani ya ce Naira ce ta faɗi, ni ne na ƙi. Na samu aiki a shagon wani Bature mai sayar da kayan da, a Wheaton.

A nan na fara ganin ɗamarar Peranakan. Mutane ne 'yan asalin Sin da suka daɗe a Malaka da Singafo, matansu na ɗaure zani da ɗamarar azurfa. Zobba ne a sarƙe, da faffaɗan kai mai furanni da tsuntsaye masu dogon bindi. Mai shagon ya koya mini yadda ake gane ta gaske. A juya bayan kan a nemi tambarin maƙeri da rubutun Sin. A duba ko da guduma aka buga furen daga baya, don na zubi yakan yi ƙuraje kamar an yayyafa yashi. A duba cikin zobban, inda suka shekara suna gogar juna har suka sirance. Shi yana koya mini yadda ake kama ta jabu, ni kuwa ina haddace abin da zan kiyaye in na tashi yin tawa.

Da zobe ɗaya aka fara. Wata ɗamara ta zo a tsinke, na ƙera sabon zobe, na rufe shi a gwangwani da dafaffiyar gwaiduwar ƙwai har ya dafe kamar 'yan'uwansa. Mai shagon ya juya ya juya bai gane ba. Wallahi daɗin da na ji ran nan ya fi albashin. Daga nan sai na ƙera kan ɗamara guda, sai tambarin jabu.

Sai ga wata tsohuwa, Madam Lim, ta kawo ɗamarar mahaifiyarta a gyara maɗaurin. Ta ce da ita uwarta ta yi aure, da ita ta yi nata, yanzu jikarta za ta ɗaura. Na ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki." Na narkar da tsofaffin cokulan azurfa, na buga irinta sak da hannuna, na goge cikin zobban da yashi, na dafar da ita. Ta gasken na sayar wa wani dillali mai wucewa. Mai shagon bai san komai ba, wannan aikina ne ni kaɗai.

Ranar da ta zo karɓa ko tambarin ba ta duba ba. Ta rufe ido ta bi kan ɗamarar da babban yatsa, sai ta tsaya cak.

"Ina idanunsu?"

Na ce, "Na wa, Mama?"

"Tsuntsayen. Ina yarinya nakan kwanta a cinyar uwata ina taɓa idanunsu. Waɗannan makafi ne."

Na duba. Tsuntsu biyu, kowane gashi a wurinsa, ba ido ko ɗaya. Ban ma san na bari ba, hannuna ne ya bi dokar Baba.

Aka kama ni, aka ɗaure ni. Dillalin ya riga ya sayar, wanda ya saya ya sayar, ba a sake ganin ɗamarar ba. Kawu Sale ya zo gidan yari ya zauna yana kallona. Can ya ce, "Kai yanzu tsoron Allah ya hana ka yi wa tsuntsu ido, amma bai hana ka cin amanar tsohuwa ba?" A kotu ban yi kuka ba, amma ran nan na yi.

Da na fito, mutanenmu suka riƙa sauya magana in na shiga wurin suna ko ɗaurin aure. Su yi ta yi! Na yi, an hukunta ni, na tuba ga wanda ya halicce ni, ba ga masu tsegumi ba. Ban canza gari ba, ban canza suna ba, ban kuma ajiye guduma ba. Duk abin da na ƙera yau tambarina na bugawa a bayansa, kowa ya san sabo ne. Wanda ya kawo tsohuwar ɗamara ya ce in duba, ina gaya masa gaskiya ko ransa zai ɓaci, kuma ba mai jabun da ya isa ya wuce ni.

Ku samari, ba tausayinku nake nema ba, kunnenku nake so. Ba yunwa ce ta kai ni ba, daɗin a ce na iya ne. Ranar da kuka yi ƙaramar ha'inci ba a gane ba, kuka ji sanyi a rai, to ranar za ku ji tsoro. Kuma kada ku ɗauka kiyaye ƙananan dokoki zai rufe muku hakkin mutane.

Na nemi gidan Madam Lim don in roƙe ta gafara. Jikarta ce ta buɗe ƙofa. Ta ce kakar ta rasu, ita kuma da bel ɗin kanti ta ɗaure zaninta ranar aure. Ta shiga ciki ta fito da ɗamarar da na ƙera, ta miƙo mini.

"Kakata ta ce in ka zo a ba ka. Ta ce taka ce, ba tamu ba."

Tana nan rataye a saman maƙerata. Wani abokin sana'a ya ce in ɗiga wa tsuntsayen ido in sayar, aiki ne na bugu biyu. Na ce ya fita mini daga shago.